Hoton Cikin Tsohon Gini: Kada A Share Tsaga

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan masu ɗaukar hoto na unguwarmu ya gabatar a zaman ƙungiya na wata-wata. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.



Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah Ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam Liman da sauran malamanmu. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayena, 'yan'uwa maza da mata, da samarinmu da nake hangowa can baya kowa da waya a hannu, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Da Sakatare ya same ni a shago ya ce kwamiti na so in yi magana a kan sana'ata, cewa na yi da shi, me ya rage a faɗa game da hoto, alhali yau yaron da aka yaye jiya ma ya san inda ake latsawa? Ya ce in dai zaɓi abin da na ga dama. To, sai na zaɓi wani ɓangare na aikin wanda ba a cika biyan kuɗi a kansa ba, watau ɗaukar hoton cikin tsohon gini da ya lalace, da kuma gyaran hoton bayan an ɗauka. Dalilina shi ne, kusan duk wanda ke zaune a nan ya baro wani tsohon gini a gida, ko zauren kakansa, ko soron mahaifinsa, ko masallacin unguwa. Ran da aka bugo waya aka ce damina ta taɓa shi, abin da muke fara cewa shi ne a turo mana hoto. Da hoton nan za mu yanke shawara, a tura kuɗi yau ko a bari sai bayan salla.

Bari in fara da ginin da kowa ya sani. Ranar 11 ga watan Agusta 1923 ba ta shafe mu ba, amma ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 ba Bazazzagin da zai manta da ita. Ana cikin sallar La'asar wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka, wasu suka jikkata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya karɓi shahadarsu. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa 'yan jarida cewa an lura da tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin abin ya faru, ana shirin kawo masana su duba. Ku riƙe wannan kalma ta tsaga, don a kanta maganata za ta yi ta dawowa.

An gina masallacin nan a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, kuma aikin Babban Gwani ne, Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu. Da ƙasa da azara aka yi shi. Magina da ke cikinmu sun sani, azara ba ta iya tsallake fili mai faɗi ita kaɗai, da ta kai wajen mita 2 ta fara gajiya. Dabarar ita ce a riƙa ɗora ta daki-daki, wannan ta ɗan zarce waccan, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ƙafa biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. A kan bakan nan ne rufi ke zama. Abin da ya sa masana gini na duniya suka riƙa zuwa Zariya ke nan, su ga yadda aka rufe babban ɗakin salla ba ƙarfe ba siminti, ga ginshiƙai masu kauri da zane a jikinsu.

A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ɗakin da sabon gini na siminti, ya zama gini cikin gini. Watau wanda ya tsaya a ƙofar fada ya ɗauki hoton masallacin daga waje, bai ɗauki aikin Babban Gwani ba. Aikin yana ciki, cikin duhu.

Sa'ar da aka yi ita ce, tun kafin wannan, akwai waɗanda suka shiga da kyamara da igiyar awo. Wani Bature mutumin ƙasar Polan mai suna Zbigniew Dmochowski, sunan da har yau harshena bai saba da shi ba, ya yi shekaru yana yawo a Nijeriya shi da ɗalibansa suna auna gine-ginen gargajiya, suna zanawa, suna ɗaukar hoto. Ya mutu a 1982, aka buga aikinsa a littattafai 3 a 1990, na farkon a kan Arewa. Wanda ya je Jos kuma, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya, zai ga kwafin masallacin na Zariya a tsaye. Ba a iya yin kwafi sai da awo da hoto na gaskiya. Da mutumin nan ya ce bari in gyara wannan bango ya miƙe don ya fi kyau a takarda, da abin da ya bar mana bai amfani kowa ba.

To, yanzu yaya ake shiga irin wannan wuri?

Kafin kyamara, rai. Rufin ƙasa da ya sha ruwa nauyinsa ya ƙaru, kuma ba ya sallama in zai faɗo. Azara tana da juriya ga gara, shi ya sa aka zaɓe ta, amma in indararo ya toshe ruwa ya kwanta a kan soro, bakinta da ke cikin bango yana ruɓewa ba wanda ya gani. Saboda haka ni ba na shiga sai da magini, ya nuna mini inda zan taka da inda ba zan tsaya ba. In ya ce daga bakin ƙofa, to daga bakin ƙofa. A sa hular kwano, a bar mutum ɗaya a waje, kada a jingina da ginshiƙi, kada a janye wani itace don ya tare maka hoto, wataƙila shi ne ke riƙe da sauran. Sannan a nemi izini, wurin liman ko magada ko mai unguwa. In kuma wuri ne da aka rasa rai, jama'a, ba a ɗaukar gawa, ba a ɗaukar mai rauni. Wannan ba sai na tsaya a kansa ba.

Babbar wahalar aikin ita ce haske. Tsohon gininmu tagoginsa ƙanana ne, cikinsa duhu. Da wani sashe na rufin ya faɗi, sai rana ta zubo ta wurin kamar an kunna fitilar mota a cikin rijiya. Idon da Allah Ya ba mu yana iya jure wannan, ka dubi wurin haske ya tsuke, ka dubi lungu ya buɗe, ba ka ma san yana yi ba. Kyamara ba ta da wannan baiwa. In ta bi haske, lungu ya zama baƙi ƙirin. In ta bi lungu, wurin da rana ta faɗo ya zama fari fat, bakin azarar da ta karye, wanda shi ne magini ya fi son gani, ya ɓace.

Samari za su ce a kunna filasha. Kada a kunna. Filashar da ke jikin kyamara tana buga haske kai tsaye, sai ta shafe zanen bango ya zama sumul, ginshiƙin da ke kusa ya yi fari, na nesa ya nutse. In akwai ƙura kuma, kuma irin wannan wuri ba ya rasa ƙura, sai hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar ana yayyafi.

Abin da ake yi shi ne a kafa kyamara a kan abin nan mai ƙafa uku, kada ta motsa ko kaɗan. A sa ISO a 100 don kada hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa, a tsuke ƙofar haske zuwa lamba 8 ko 11 don na kusa da na nesa duk su fito sarai. Sai a ɗauki wuri ɗaya sau 3 ko sau 5, ana canza tsawon lokacin da idon kyamara zai zauna a buɗe: misali kashi 1 cikin 30 na daƙiƙa, sai kashi 1 cikin 8, sai rabin daƙiƙa, sai daƙiƙa 2. Kowanne ya ninka na bayansa haske kamar sau 4. Na farko zai kama bakin ramin rufi, na ƙarshe zai kama lungun mihirabi. Kada ka latsa da yatsa kai tsaye, sa agogon kyamara ta jira daƙiƙa 2 bayan ka ɗauke hannu. Mai waya ma zai iya, ya jingina ta da bulo, ya kunna abin da aka rubuta HDR, wanda shi ma haɗa hotuna yake yi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe, ko ranar da hadari ya rufe rana. Tsakar rana ba ta da kirki.

Ga wata dabara da na fi so. In kana son tsaga ta fito, ko zanen da ke jikin ginshiƙi, ba wani tocila ya tsaya a gefe, ya haska bangon a kaikaice, hasken na bin jikin bango. Nan take kowane tudu zai yi inuwa, tsagar da ba ta fi zare ba za ta fito kamar an ja ta da alƙalami. Na sha nuna wa masu gida tsagar da suka shekara suna wucewa ta gabanta ba su gani ba.

Sai maganar miƙewar bango, kuma a nan nake so magina su saurare ni da kyau. In ka ɗaga kan kyamara sama don rufi ya shigo, ginshiƙai za su fito kamar suna sunkuyawa juna. Wanda ke Ikko ya ga hoton zai ce bango ya karkace, alhali lafiyarsa lau. Ko kuma bangon ya karkace da gaske, karkatar kyamara ta ɓoye shi. Maganinsa a daidaita kyamara ta tsaya cak, kada ta dubi sama ko ƙasa, in wuri bai isa ba a ja da baya. Sannan ni kullum ina rataya igiya da dutse a bakinta a cikin hoton. Igiya mai nauyi ba ta san son kai ba, duk inda bango ya kauce mata, to ya kauce. Ina kuma jingina sanda mai tsawon mita 1 da na yi wa fenti baƙi da fari, kowane gaɓa santimita 10, don mai kallo ya san girman abin da yake gani. Kusa da tsaga kuwa ko kwalin ashana ka ajiye ya wadatar.

Kada a tsaya kan hoto ɗaya mai kyau. A bi ɗakin bango-bango, gabas, kudu, yamma, arewa, sannan rufi, sannan ƙasa da ɓaraguzanta tun ba a kwashe ba, kowane hoto ya haɗa da kamar kashi 2 cikin 3 na wanda ya gabace shi. Yau akwai manhajar da ke ɗaukar irin waɗannan hotuna ta fitar da siffar ɗakin gaba ɗaya a kwamfuta, har a yi awo a kanta. Ko ba ka da ita, wani zai samu wata rana.

Yanzu na zo inda nake jin kunya, amma gara in faɗa da bakina.

Shekarun baya, lokacin da na fara sanin gyaran hoto a kwamfuta, na je gida na tarar soron kakanmu ya sha damina. Akwai shatin ruwa da ya gangaro daga kusurwar rufi har ƙasa, ga tsaga a gindin baka ɗaya, yaɓe ya zubo ya bar azara a waje. Na ɗauka da kyau. Da na dawo na zauna gaban kwamfuta, sai zuciya ta ce, haba, gidan kakanka ne, yayyenka za su rataya shi a falo baƙi su gani. Na share shatin ruwan. Na ɗebo lafiyayyen bango na liƙa a kan tsagar. Na kwashe ƙasar da ta zubo. Wallahi hoton ya yi kyau, har na yi alfahari da shi. Na wanke manya guda 4 na raba wa 'yan'uwa.

Da ƙaninmu na gida ya aiko cewa a haɗa kuɗin gyara kafin ruwa ya sauka, sai babban yayanmu ya nuna hoton da ke bangonsa ya ce, wannan soron ai ya fi mu lafiya, yaron nan wata buƙata dai gare shi. Ni kuwa ina wurin, na ce akwai 'yar tsaga, amma na faɗa da sanyin murya, don in na matsa sai in tona wa kaina asiri. Cikin watan Agusta na shekarar rufin ya zauna. Allah Ya kiyaye ba kowa a ciki. Da aka kira magini ya ce a ba shi hoto ya ga yadda bakan yake da inda ya fara ciwo, na je neman na asali na tarar na ajiye gyararren a kansa. Ƙanin nan namu ya yi shekara biyu ba ya ɗaukar wayar yayanmu, kuma ni na jawo.

Tun daga ranar na yi wa kaina iyaka. Abin da kyamara ta ɓata, ina gyarawa. Abin da ruwa da shekaru suka ɓata, ba na taɓawa.

Abin da kyamara ta ɓata shi ne kamar duhun da ya fi abin da idona ya gani. Nan zan haɗa hotunan nan 3 ko 5 a Lightroom ko Photoshop, in buɗe lungu, in rage farin rami, har ya yi daidai da yadda na ga wurin ina tsaye. Haka launi. Kyamara takan ruɗe in hasken rana ya gauraya da na ƙwan lantarki, jar ƙasa ta koma ruwan toka ko ruwan lemo. Shi ya sa nake ajiye farar takarda a hoton farko, in na zo gyara in ce wa kwamfuta wannan shi ne fari, sauran launuka su bi. Launi ba ado ba ne a nan, da shi magini ke gane inda bango ya jiƙe da inda aka taɓa yin faci da wata ƙasa daban. Gilashi mai faɗin gani kuma yakan lanƙwasa gefen hoto, wannan ma a gyara, a kuma cire ɗigon ƙurar da ta zauna a cikin kyamara.

Amma akwai wani maɓalli da ke miƙar da bango da kansa, ku yi hattara da shi. An yi shi ne don ginin bulo da siminti. Bangon ƙasa tun asali gindinsa ya fi samansa kauri, a hankali yake tsukewa. In ka bar kwamfuta ta miƙar da shi, ka mai da aikin magabata abin da ba su gina ba. Igiyar nan da ka rataya, ita za ka miƙar, bango ya tsaya yadda Allah Ya nufe shi.

Wayoyin yanzu sun ƙara sauƙaƙa ɓarna. Ka zagaye abu da yatsa, ya ɓace, wayar ta cike gurbin da abin da ta ga dama. Abin da ta cike da shi ba daga ɗakin ya fito ba, ƙirƙira ce. Na ga hoton da aka share tulin ƙasa, waya ta ƙago zanen da bai taɓa zama a bangon ba. Bayan shekara 30 wa zai san ba na asali ba ne?

Akwai kuma ƙarya ta ɗaya gefen, wadda masu neman taimako suka fi yi. A ƙara duhu, a ƙara kaifi, a mai da ɗakin kamar kufan aljanu don a tausaya a ba da kuɗi. Ita ma illarta ɗaya ce. Masu kuɗi su duba su ce wannan ya wuce gyara, a rushe a zuba kankare, alhali baka ɗaya ne ke ciwo, kuma magini zai iya ceto shi. In mutum yana so ya nuna yadda ginin zai kasance bayan gyara, ba laifi, ya yi, amma ya rubuta a jikinsa ƙarara cewa wannan hasashe ne, ya ajiye shi gefe da na gaskiya.

Na asali kuwa kada a taɓa shi. In kyamararka tana da tsarin da ake kira RAW, watau ɗanyen hoto, ɗauka da shi, ka yi gyara a kan kwafi. Kowane hoto a rubuta masa rana da wata da shekara, da sunan gini, da bangon da aka fuskanta. A ajiye a wuri 3 daban-daban, a wanke muhimman a takarda. In za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, don in an tura yadda aka saba tana matse hoton, siririyar tsaga ta narke.

Kada kuma mu ce abin na Arewa ne kawai. Nan Ikko, kusa da dandalin Tinubu, da yawanmu mun sha wucewa ta gaban tsohon benen nan mai ƙirar Barazil da ake kira Ilojo Bar. Tun 1956 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, amma a watan Satumba 2016 aka wayi gari an rushe shi. Ni dai mafi yawan hotunansa da na gani na waje ne, kuma ina cikin masu laifi, don na yi shekaru ina wucewa da kyamara a wuya ban taɓa neman izinin shiga ba. A unguwar nan tamu ma akwai zaurukan mutanen farko, na fataken goro da na shanu, bangon ƙasa da rufin kwano, ana ta sayarwa ana tayar da benaye. Ban ce kada a sayar ba, kowa ya san halin da ake ciki. Na ce a bari a shiga da kyamara tukuna.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon kwamiti ya ba ni samari 4, biyu masu waya mai kyau, biyu masu ƙarfin ɗaukar kaya, da magini ɗaya daga cikin dattawanmu. Ƙafar kyamara da sandar awo da tocila duk ina da su. Duk mai tsohon zaure da ya yarda a ɗauka, ya ba Sakatare sunansa bayan an tashi. Za mu fara ranar Asabar bayan sallar Asuba, tun rana ba ta yi ƙarfi ba, kuma mai gida zai sami kwafinsa kyauta.